Dakta Muntasir da Hancin Shanun Arɗo

A unguwar Mardjandafak, idan baƙo ya tambayi gidan Dakta Muntasir Abdulgani, sai mutane su dubi juna. Idan kuwa ya ce mai ɗaukar hoton hancin shanu yake nema, har mai shayi zai miƙa hannu ya nuna masa ƙofar: tsohon gida mai faffaɗan zaure, bayan layin masu goro. Da wannan suna unguwa ta san shi, kuma ba don girmamawa aka laƙaba masa shi ba. Shekarunsa arba'in da uku, yana da digirin digirgir a ilmin kwamfuta, amma har yau malamin haya ne a wata jami'a ta cikin gari, irin wanda ake kira idan an rasa mai shiga aji. Abu ɗaya ya nema a rayuwarsa ta ilmi: aikin da ya ba ƙuruciyarsa ya fito a mujallar masana da sunansa a kai. Da ya fito, da an ɗauke shi cikakken malami, an ba shi ɗakin bincike da ɗalibai nasa na kansa. Bai fito ba.

Kakansa ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji. Da suka ƙetare kogin Shari, matarsa ta haihu, aka ce a dakata sai jariri ya yi ƙwari. Jariri ya yi ƙwari, ya yi gemu, ya yi furfura, Makka tana can gabas inda aka bar ta. Jaririn nan shi ne Abdulgani, wanda Fulani suka riƙa kira Modibbo saboda karatunsa. Sana'arsa fatoma: masu shanu suna sauka gidansa, ya ciyar da su, ya tsaya musu a kasuwa, ya shaidi cewa dabbar da suka kawo ba ta sata ba ce. Larabawan gari suna ce wa irinsa damin. Jarinsa duka maganarsa ce.

Dokoki biyu ne a zauren Modibbo, kowane ɗa na gidan ya haddace su kafin ya iya ɗaure wando. Ta farko, ba a ƙirga shanun baƙo, ba a kuma tambayarsa adadinsu, domin Bafulatani yana ganin garken da aka ƙirga ya shiga bakin mutane da littafin hukuma. Ta biyu, ba a roƙon baƙo komai muddin yana ƙarƙashin rufin gidan, ko allura ce. Wanda ya ci tuwonka ba zai iya ce maka a'a ba, saboda haka roƙonsa ƙwace ne a wurin Modibbo. Mai bukata wurin baƙo sai ya ɗauki takalmansa ya same shi a rugarsa, inda yake da ikon ƙi.

Muntasir kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, cikin 'ya'yan gidan. Ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare da sakamakon da aka daɗe ba a gani ba, aka tura shi Dakar, daga can ya wuce Faransa. Fannin da ya zaɓa shi ne tsaron na'urori masu koyo. Ana nuna wa na'ura dubban hotuna har ta iya rarrabe abu da abu da kanta. Shi kuma aikinsa ya gano yadda mugu zai taɓa hoto ɗan kaɗan, yadda idon mutum ba zai lura ba, na'urar ta ga kare ta ce kyanwa ce. Abokan karatunsa suna ɗaukar wannan sabon abu. Shi tun yana ƙarami ya ji shi a zaure: ɓarawon shanu ba ya goge shaidar da aka yi wa saniya da wuta, layi ɗaya yake ƙara mata, ta koma ta wani gida.

Malaminsa ya so ya zauna can. Ya ƙi, domin ya riga ya san abin da zai yi. Fatar hancin saniya tana da zane, kamar zanen yatsan mutum, babu biyu masu iri ɗaya, kuma ba ya sauyawa daga maraƙi har tsufa. Idan na'ura ta koyi zanen nan, ta kuma koyi duk dabarar da ɓarawo zai yi don ya ɓatar da ita, to saniyar sata ba ta da kasuwa. Abin da ya rage shi ne hotuna, dubbai, na shanun da ke yawo a daji da ƙuda da taɓo a fuska. Babu masanin da ke da hanyar samun irinsu. Shi ɗan fatoma ne.

Babban baƙon gidan shi ne Arɗo Rufa'i, wanda ya shekara talatin yana sauka wurin Modibbo. Uba da ɗa suka shiga mota suka same shi a rugarsa, gabas da gari. Bayan an sha madara, Muntasir ya yi bayani.

Arɗo ya ce, "Hanci? Modibbo, mutane suna neman nono, suna neman nama, naka ya yi shekara takwas a ƙasar Nasara ya dawo neman majina?"

Aka yi dariya. Muntasir ya sake bayani a hankali. Arɗo ya saurara yana zane a ƙasa da sandarsa.

"To, ɗan Modibbo. Ka ɗauki hancin wannan, ka ɗauki na waccan, har ka kai ƙarshen garke. Me ka yi ke nan?"

"Na gama aiki, Baffa."

"A'a. Ka ƙirga."

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Modibbo ne ya gyara zama ya ce, "Arɗo, faɗi sharaɗinka. Ni na tsaya masa."

Sharaɗin gajere ne. Hotunan ba za su bar gidan Modibbo ba, kuma babu idon da zai gan su sai na Muntasir, har ranar da Arɗo zai kwance maganar da bakinsa, gaba da gaba. Muntasir ya amsa da sauri, yana jin kamar an ba shi duniya. Bai tsaya ya tuna yadda masana fanninsa suke aiki ba, ko kuwa ya tuna ya ce a ransa idan lokaci ya yi za a san abin yi.

Shekara huɗu yana bin shanu. Da maganar Arɗo wasu rugage goma sha ɗaya suka buɗe masa. An ture shi, an take masa ƙafa, wani bijimi ya fasa masa tabarau. A gida kuma yana fama da wuta: idan an kawo ta sai ya bar abinci ya ruga wurin kwamfuta, a watannin zafi ya ɗora ta kusa da randa, matarsa Balkisu tana yi mata fifita tana cewa, "Ni da na yi naƙuda ba a yi mini wannan gatan ba." Balkisu malamar firamare ce a unguwar Habbena, albashinta ne ya riƙe gidan a shekarun nan, kuma ba ta taɓa goranta masa ba sai ta hanyar zolaya.

Arɗo ya shiga aikin fiye da yadda aka zata. Shi ne ya ce, "Akwatin nan naka, idan aka shafa wa saniya toka da man shanu a hanci, zai gane ta?" Aka gwada, na'ura ta ruɗe. Arɗo ya yi ta ƙyaƙyata dariya har rawaninsa ya kwance. Daga nan ya riƙa kawo dabarun ɓarayi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda bai taɓa faɗa wa kowa ba don kada su yaɗu, Muntasir yana koya wa na'ura yadda za ta tsallake su. A ƙarshen shekara ta huɗu, cikin shanu ɗari da aka ɓata wa hanci da gangan, da ƙyar take kuskuren ɗaya.

Ya rubuta maƙala ya aika. Amsa ta zo bayan wata biyar. Masu tantancewa sun yaba, ɗaya ma ya ce bai taɓa ganin irin wannan aiki ba. Amma ka'idarsu ita ce a ajiye hotunan da dabarun yaudarar a inda kowane masani zai iya ɗauka ya gwada, domin sakamakon da ba a iya maimaitawa ba a karɓarsa. Ya rubuta musu cewa hotunan amana ne. Suka amsa cikin ladabi cewa sun fahimta, kuma suna jiran ranar da zai samu izini. Mujalla ta biyu ta faɗi haka, ta uku ma haka. Bai ga laifinsu ba. Da shi ne a kujerarsu, abin da zai nema ke nan.

Fa'iz, abokin aikinsa da suke raba tebur ɗaya a ofishin malaman haya, ya karanta wasiƙar ya ajiye.

"Ustaz, kai fa wani lokaci ban gane maka ba. Tsohon nan yana karanta mujallar Turawa ne? Ka goge sunaye, ka saka hotuna, kalas, an gama."

"Shaidar kowane garke tana jikin hoton. Wanda ya san shanu zai san na wane ne, zai kuma san yawansu."

"Wa ya san shanu a can? Su da ba su taɓa ganin saniya ba sai a kwalin madara."

"Dabarun ɓarayin fa?"

"Ɓarawon da zai karanta maƙalarka ai ya cancanci saniyar."

Muntasir ya yi dariya, amma bai saka ba. Ya kai maganar wurin mahaifinsa, wanda a lokacin ciwo ya kwantar. Modibbo ya ce, "Abu mai sauƙi. Bari damina ta ɗauke, idan sun gangaro kusa da gari ka je rugarsa ka tambaye shi." Damina ta ɗauke, shanu suka gangaro daga arewa a kan hanyarsu ta kudu, a makon nan kuma Modibbo ya cika.

Arɗo Rufa'i ya zo ta'aziyya, ya sauka a ɗakin da ya saba sauka. Masu gaisuwa suna zuwa suna tafiya, shi yana nan. Muntasir ne yanzu mai gida, shi yake kai masa ruwan alwala, shi yake zama da shi a zaure bayan la'asar. Rana ta biyu Arɗo ya ce, "Yaya akwatin namu? Yana nan da ransa?"

"Yana nan lafiya, Baffa."

"Masu karatun can sun gani? Sun ce me?"

"Sun yaba."

"Madalla. Babu wata damuwa?"

Saura kaɗan ya faɗa. Ya dubi akushin da Arɗo ya ci abinci a ciki, yana ajiye tsakaninsu, ya dubi buzun mahaifinsa da ba a naɗe ba tukuna. Ya ce, "Babu, Baffa."

Balkisu ta tare shi a tsakar gida. "Baban Zaliha, mutumin da kake shirin bi cikin daji ga shi Allah ya kawo maka har zaure. Taku goma ne."

"A ƙarƙashin rufina yake."

"To ka ce ya raka ka bakin titi, ka tambaye shi a can."

"Wannan wayo ne, Balkisu. Baba ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba, in fara da karya dokarsa? Bayan sadakar arba'in zan je rugar, yadda ya dace."

Ta dube shi ta ce, "Allah ya sa shanu su san lissafin arba'in."

Rana ta uku Arɗo ya yi sallama. A bakin ƙofa ya riƙe hannun Muntasir ya daɗe bai saki ba. "Ɗan Modibbo, babu saƙo?"

"Sai alheri, Baffa. Ina nan tafe."

Da ya je, bai tarar da komai ba sai toka da busasshen kashin shanu. Ruwa ya ƙafe da wuri a shekarar, sun tashi tun makonni uku da suka wuce. Maganar da aka ɗaure gaba da gaba ba a kwance ta a waya, ko da akwai waya inda suka nufa. Ya ce zai bi su idan an yi hutu. Kafin hutu labari ya iso da bakin wani dillali: Arɗo Rufa'i ya rasu can kudu, kusa da iyaka, zazzaɓi na kwana huɗu. An raba garke tsakanin magada tara, wasu sun shiga Kamaru, wasu sun nausa Afirka ta Tsakiya.

Bayan wata goma sha huɗu wata ƙungiyar masana a wata ƙasa ta buga aiki mai kama da nasa. Shanunsu na gona ne, masu ƙiba, an wanke musu hanci kafin hoto, kuma na'urarsu ba ta taɓa haɗuwa da toka da man shanu ba. Amma sun saka hotunansu kowa ya gani. Da Muntasir ya sake aika tasa maƙalar, amsar layi uku ce: batun ba sabo ba ne yanzu. A shekarar Fa'iz ya buga maƙaloli biyu a kan hotunan da ya sauke kyauta, aka ɗauke shi cikakken malami, daga baya ya zama shugaban sashe. Bai manta da abokinsa ba. Duk shekara yana ware masa ajin sababbin ɗalibai, inda ake koyon kunna kwamfuta da rubuta wasiƙa.

Baƙi suka daina sauka a gidan, domin Muntasir ba ya zuwa kasuwa, 'yan'uwansa kuma sun koma sayar da nama a unguwar Chagoua. Zaure ya zama wurin ajiye babur.

Bara, wata safiya, wani dogon mutum ya yi sallama a ƙofar. Alamin ne, babban ɗan Arɗo. An sace masa saniya wata biyu da suka wuce, ya gan ta a kasuwar shanu a hannun wani, an ƙara wa shaidarta layi. Wanda take hannunsa ya kawo shaidu, Alamin kuwa ba shi da kowa. Muntasir ya ɗauki kwamfuta suka hau babur. Ya durƙusa gaban saniyar, mahauta da dillalai sun kewaye shi suna cewa, "A ba Dakta wuri, zai gaisa da 'yar'uwarsa." An shafa mata wani abu a hanci. Na'ura ba ta yi minti ɗaya ba ta fito da ita: maraƙa ce a hoton, mai jan goshi, an ɗauke ta shekara bakwai da suka wuce a garken Arɗo Rufa'i. Ya juya allon yadda Alamin kaɗai zai gani, sannan ya miƙe ya ce saniyar gidan Arɗo ce.

Dattawan kasuwa ba su nemi ganin hoton ba. Babbansu ya ce, "Ɗan Modibbo Abdulgani ya shaida. Gidansu ba a taɓa kama su da ƙarya ba." Aka miƙa wa Alamin igiya, ya ba wani yaronsa ya kora ta ruga. Mutane suka watse suna cewa albarkar Modibbo ba ta ƙare ba. Babu wanda ya ambaci akwatin.

Alamin ya ci abincin rana a zaure. Muntasir bai ce masa komai ba har ya gama, ya raka shi, suka wuce layin masu goro, suka wuce masallaci, har tashar mota, inda babu rufin kowa. A nan ya faɗa masa abin da bai faɗa wa Arɗo ba, tun daga wasiƙar farko.

Alamin ya ce, "Ashe ba ka sani ba."

"Me?"

"Modibbo ya aika wa Baba saƙo kafin ya rasu, ya ce kana da bukata a kan hotunan. Shi ya sa Baba ya kwana uku a gidanku, ga ruwa yana ƙafewa, ga shanu suna jira. Da ya dawo ya ce mana, 'Na buɗe wa yaron nan ƙofa sau uku, bai shigo ba.' Muka ce, to kai me ya hana ka faɗa masa? Ya ce baƙo ba ya ba mai gida abin da bai nema ba, kamar ka ce masa ka ga gazawarsa ne, ga shi kuma sabon maraya."

Muntasir ya ce, "Ya ce ya yarda?"

"Ya ce da ka tambaya."

"Kai fa, Alamin? Kai ne babba."

"Dakta, ba ni na ɗaure ba. Shanun nan yanzu na mutum tara ne, biyu ban san inda suke ba. Rugage goma sha ɗayan kuma a kan maganar Baba suka yarda, ba a kan tawa ba. In na ce maka na kwance, ƙarya na yi maka." Ya juya zai nufi mota. "Amma akwatin yana aiki, wallahi. Baba ya sha faɗa."

Mota ta cika, ya shiga.

Muntasir ya koma a ƙafa. Yana da aji ƙarfe biyu, sababbin ɗalibai sittin da kwamfuta takwas. Ya shiga gida, ya cire faifan da hotunan ke ciki, ya naɗe shi a tsumma, ya mayar da shi adakar Modibbo, ƙarƙashin buzu. Balkisu ta dubi fuskarsa, ta buɗe baki za ta yi zolaya, ta fasa.

Da ya fito da jakarsa, mai shayi ya ɗaga murya daga rumfarsa. "Dakta! Yaya hanci?"

Ya ce, "Lafiya lau," ya tsaya bakin titi yana jiran tasi.